Abincin Firiza da Neman Rage Ƙiba: Nasiha ga 'Yan Baya

Ya ku ƙannena da 'ya'yana, maza da mata, wannan magana taku ce, musamman waɗanda karatu ko neman halali ya kai su Ingila, Amurka da Kanada, da kuma waɗanda ke zaune a manyan biranenmu inda kantunan zamani suka fara jera firizoji cike da kwalaye. Na san halin da da yawanku ke ciki. Ma'aikaciyar jinya ta kwana a tsaye awa goma sha biyu, ɗalibi ya fito aji ya wuce wurin aiki, ma'aikacin ofis ya fita tun asuba bai dawo ba sai bayan isha'i. Ana cikin wannan fafutuka sai tufafi su fara matsewa, numfashi ya fara sarƙewa a kan matattakala, likita ya ce a rage nauyi. Sai ga kwali a kanti ɗauke da hoton kaza da shinkafa da ganye, an rubuta cewa kalori 300 ne kacal a ciki, kuma minti biyar ya isa a ɗumama shi a ci. Dole mutum ya tambayi kansa: shin wannan abinci hanyar lafiya ce?

Amsar da zan ba ku ita ce, kwalin nan aiki ɗaya ya iya sosai, wato awo. Kamar mudu yake a hannun mai awo: yana gaya maka yawan hatsin da aka zuba, amma ba ya gaya maka ko hatsin mai kyau ne ko ƙwari sun cinye cikinsa. Duk sauran aikin, na dubawa da cikawa da sanin iyaka, yana wuyanku.

Ya kamata ku san inda wannan abinci ya samo asali, domin sanin asalinsa zai nuna muku wanda aka yi shi dominsa. Wani Ba'amurke mai suna Clarence Birdseye ya zauna a yankin Labrador mai tsananin sanyi, a arewa maso gabashin Kanada ta yau, ya lura cewa kifin da mutanen wurin suka kama yana daskarewa nan take, kuma in aka narkar da shi bayan watanni ɗanɗanonsa yana nan. Daga wannan lura ya ƙirƙiro hanyar daskarar da abinci cikin gaggawa a shekarun 1920, kuma a 1930 aka fara sayar da kayansa a garin Springfield na jihar Massachusetts. A 1953 kamfanin Swanson ya fito da cikakken abincin dare a faranti guda, wanda ake ɗumamawa a ci a gaban talabijin. Wancan ba na rage ƙiba ba ne, na rage wahalar girki ne. Sai a 1981 kamfanin Stouffer's ya fito da Lean Cuisine, abincin da aka yi alƙawarin bai kai kalori 300 ba, a daidai lokacin da matan Amurka ke ta shiga aikin ofis kuma na'urar maikirowef ke shiga gidaje. A ƙarshen shekarun 1980 kuma kamfanin ConAgra ya kawo Healthy Choice, bayan shugabansa Charles Harper ya yi bugun zuciya a 1985 ya rasa abincin kanti da zai dace da shi. Wato an ƙera wannan abinci ne don mutumin da ba shi da lokaci, a ƙasar da wutar lantarki ba ta ɗaukewa, kuma don bakin da ya saba da irin girkin can. Ku riƙe waɗannan abubuwa uku, domin za mu sake haɗuwa da su.

Bari in fara da ba shi haƙƙinsa. Daskarewa ita kanta ba ta ɓata abinci. Kayan lambun da ake sa wa a firiza akan girbe su ne da nunarsu, a ɗan turara su, a daskarar cikin sa'o'i, don haka sinadaran gina jikin da ke cikinsu sukan yi daidai da na ɗanye, wani lokaci ma su fi na alayyahon da ya kwana uku a rana a kasuwa. Sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili yana hana ƙwayoyin cuta hayayyafa, saboda haka abincin firiza ba ya buƙatar yawan magungunan hana ruɓewa kamar wasu abincin gwangwani da leda. Duk wanda ya ce muku abu ya zama guba don kawai ya shiga firiza, bai faɗa muku gaskiya ba.

Alfanu na biyu shi ne awon da na ambata. Yawancinmu mun tashi a gidajen da ake zuba abinci da ido, a ci har sai ciki ya ce ya isa, kuma cinye abin da ke kwano ladabi ne. Mai gajiya da yunwa ba ya iya ƙiyasta abin da ya zuba. In ya tsaya gaban tukunya da ƙarfe goma na dare, ludayi biyu zai zama huɗu bai sani ba. Kwali yana cire masa wannan gardama da zuciyarsa, domin an riga an yanke masa yawan da zai ci. Shi ya sa binciken da aka yi a kan masu rage nauyi ya sha nuna cewa waɗanda aka ba abinci aunanne sukan fi waɗanda aka bari su auna da kansu raguwa, aƙalla a watannin farko. Kuma in za a gwada kwalin da abin da mai gaggawa ya saba saya a hanya, wato soyayyar kaza da soyayyen dankali da lemon kwalba, wanda sau da yawa yakan haura kalori 1,000 a zama ɗaya, to kwalin ya yi masa fintinkau.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Matsala ta farko lissafi ce. Hukumar lafiya ta Ingila tana ƙiyasta cewa mace baliga tana buƙatar wajen kalori 2,000 a rana, namiji kuma wajen 2,500. Mai son rage nauyi ba tare da cutar da kansa ba akan ce ya rage kamar 500 zuwa 600 daga cikin wannan. To in mutum ya ci kwali uku a rana, kowanne 300, ya ci 900 ke nan, bai kai rabin buƙatarsa ba. Jiki ba ya yarda da wannan cikin ruwan sanyi. Kwana biyu ko uku za a jure, daga nan yunwa ta dawo da ƙarfinta, kuma ba da rana take dawowa ba, sai da tsakar dare, lokacin da babu komai a kusa sai biskit da burodi da shayi mai madara da sukari. Abin da aka yi tsiminsa da rana ya zube da dare, har da riba. Sai mutum ya tsargu, ya ce shi rago ne marar haƙuri, alhali laifin na tsarin da ya ɗora wa kansa ne. Wanda kuma ya dage ya ci gaba da matse cikinsa haka, tare da kitse zai rasa tsoka, ya riƙa jin jiri da kasala, gashi ya fara zuba, kuma saurin zubar da nauyi yana daga cikin abubuwan da ke kawo tsakuwa a matsarmama.

Ba yawan kalori kaɗai ke ƙosarwa ba. Abin da ke riƙe ciki shi ne furotin, irin wanda ke cikin nama, kifi, ƙwai, wake da nono, sai kuma harza, wato ɓangaren hatsi da ganye da 'ya'yan itace da jiki ba ya narkarwa, wanda ke cika ciki ya sauƙaƙa bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya samu aƙalla giram 25 na harza da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum. Ku buɗe kwalin ku duba da idonku. Sau da yawa abin da ya fi yawa a ciki farar taliya ce ko farar shinkafa da romo mai kauri, naman 'yan yanka kaɗan, ganyen kuwa bai cika tafin hannu ba. Hoton da ke bisa kwali mai ɗaukar hoto ne ya tsara shi, abin da ke ciki kuwa mai lissafin riba ne.

Matsala ta biyu, wadda ta fi damuna, ita ce gishiri. In aka zare mai daga abinci ɗanɗano yakan tafi tare da shi, kuma hanya mafi araha ta dawo da shi ita ce gishiri, wani lokaci da sukari a cikin romon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda, wanda ya yi daidai da miligiram 2,000 na sodiyam. Da yawa daga cikin waɗannan kwalaye suna ɗauke da sodiyam tsakanin miligiram 500 da 800 kowanne. Ku yi lissafin: ɗan abincin da bai kai kashi ɗaya cikin shida na kalorin da jikinka ke buƙata ba ya cinye kusan sulusin gishirin da aka yarje maka na yini. Ƙara burodi, ƙara indomi da garin ƙunshinta, ƙara dunƙulen da muke jefawa a miya ba ƙidaya, sai ka ga an wuce gona da iri tun kafin la'asar. Gishiri mai yawa yana sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya ƙara matsa wa jijiyoyi, a hankali zuciya da ƙoda su gaji. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, kuma sananne ne cewa ya fi kama baƙar fata da wuri, ya fi yi musu illa. Babu ɗayanku da bai san gidan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da wani ba. Me ya yi zafi mutum ya rage teɓa ya ƙara wa jijiyoyinsa nauyi?

Matsala ta uku ita ce yawan sarrafawa. Wani likitan ƙasar Barazil, Carlos Monteiro na Jami'ar Sao Paulo, shi da abokan aikinsa suka kasa abinci gida huɗu bisa yadda masana'anta ta taɓa shi, na ƙarshe shi ne wanda aka sarrafa matuƙa, aka haɗa da abubuwan da ba a samun su a kicin ɗin gida: sitaci da aka sauya wa hali, sinadaran ƙamshi, masu kauri da masu launi. A wani nazari da aka wallafa a 2019, wani mai bincike, Kevin Hall, na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka, ya kwantar da mutum 20 a asibitin bincike na tsawon mako huɗu. Mako biyu aka ba su abincin da aka sarrafa matuƙa, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga kayan asali, aka ce kowa ya ci iya son ransa. An daidaita sukari da mai da gishiri da harzan da aka ajiye musu a kowane ɓangare. Duk da haka, a makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 a rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuma suka rage kusan kilo ɗaya. An lura cewa sun fi saurin haɗiye abincin masana'antar, domin yana da laushi, ba ya neman tauna. Ba duk kwalin firiza ne ke cikin wannan rukuni ba, akwai waɗanda kayan haɗinsu kaza ce da shinkafa da ganye da kayan yaji kawai. Amma darasin a fili yake: abincin da ke wucewa maƙogwaro da sauri akan cinye shi kafin saƙon ƙoshi ya isa ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman a matsayin al'ummar da mafi yawanta Musulmi ne. Waɗannan kwalaye ba don mu aka fara yin su ba. Kaza ko naman sa da ke ciki ba lallai ne yankan Musulunci ba, ana iya samun naman alade ko kitsensa a cikin haɗin, wasu romon kuma da giya ake ƙamsasa su. Kada gaggawa ta sa ku ɗauki abu don kun ga hoton kaza. Ku nemi tambarin halal, ko ku zaɓi na kifi ko na ganye zalla, ku kuma karanta jerin kayan haɗin har ƙarshe.

Sai batun tsaro daga cuta. Sanyi yana kwantar da ƙwayoyin cuta ne, ba ya kashe su. Maikirowef kuma ba ta ɗumama abinci bai ɗaya, gefe yakan yi zafi tsakiya na da sanyi. A 2007 a Amurka sama da mutum 400 a jihohi 41 suka kamu da cutar salmonela daga wani abincin firiza mai nama a cikin ɓawon fulawa, kuma bincike ya nuna da yawansu ba su dafa shi yadda ya kamata ba. Don haka ku bi abin da aka rubuta: in an ce a juya, a juya, in an ce a bar shi ya huta minti ɗaya ko biyu, a bari, domin a lokacin ne zafin ke ratsa ciki. Ya kamata tsakiyar abincin ta kai wajen digiri 75, tana tururi.

Ku da ke gida Najeriya ko Nijar, wannan magana ta fi shafar ku, domin kun san halin wutarmu. Firizar da ke cike, in ba a buɗe ta ba, tana iya riƙe sanyi kamar kwana biyu bayan ɗauke wuta, wadda ke rabi kuma kwana ɗaya. Amma wa ya san sau nawa kwalin da ke kanti ya narke ya sake daskarewa tun daga tashar jirgin ruwa zuwa hannunka? In ka ga kwalin ya jiƙe ya bushe, ko ƙanƙara ta taru a cikin ledar, ko abincin ya cure ya zama dunƙule guda, ka mayar da shi inda ka ɗauko. Ka duba ranar ƙarewar aiki, a Najeriya kuma ka duba lambar hukumar NAFDAC. Ga tsada kuma: kuɗin kwali ɗaya na shigo da shi daga waje zai yi maka tukunyar wake da alayyaho da za ka ci kwanaki.

To in dole ta sa za ku saya, ga yadda za ku zaɓa. Ku bar gaban kwali, can ne talla take. Ku juya bayansa. Ku fara da duba ko alƙaluman na kwalin duka ne ko na rabinsa, domin wannan dabara ta yaudari mutane da yawa. Ku nemi wanda sodiyam ɗinsa bai wuce miligiram 600 ba. In gishiri aka rubuta, kamar yadda ake yi a Ingila, to giram 1.5 ke nan. A can ma an sauƙaƙa muku da alamar launi a gaban kwali, ja da ruwan ɗorawa da kore, don haka ku guji wanda gishirinsa ko kitsensa ya yi ja. Ku nemi furotin da ya kai giram 15 zuwa 20 ko fiye, da harza aƙalla giram 4 ko 5. Ku fi son wanda ke tsakanin kalori 350 da 500 a kan wanda ke alfahari da 200, domin na biyun abin taɓawa ne, ba zai tsaya a matsayin abincin rana ba. A jerin kayan haɗi, abin da aka fara rubutawa shi ne ya fi yawa. In kun ga sunayen da kuka sani a gaba, kuma jerin bai yi tsawo ba, alama ce mai kyau.

Bayan kun zaɓa, ku cika shi. Ledar ganye ko karas ko koren wake na firiza, wanda ba a sa masa komai ba, tana da araha kuma minti uku ya ishe ta. Ku zuba a kai. Ku ƙara dafaffen ƙwai, ko cokali uku na dafaffen wake, ko kindirmo marar sukari. Ku rufe da lemon zaƙi ko gwanda ko tuffa, ku kora da ruwa, ba da lemon gwangwani ba. Gwangwanin lemo guda yana ɗauke da sukari wajen giram 35 da kalori kusan 140, wato ya kusa rabin kwalin da kuke taƙama da shi. Kuma ku zauna ku ci a faranti, a nitse, ku ajiye waya. Addininmu da tarbiyyarmu sun riga sun koya mana kada a cika ciki dam, a bar wa ruwa da numfashi wuri, kuma wanda ke ci a tsaye yana duba saƙonni ba zai san lokacin da ya isa wannan iyaka ba.

Amma abin da na fi so ku ɗauka daga wannan nasiha shi ne, ku zama masu yi wa kanku abincin firizar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ware awa biyu ko uku a ranar hutu, ku dafa tukunya biyu: wake da alayyaho da kifi, ko faten acca da ganye, ko miyar taushe, ko dambun zogale, ko miyar kuɓewa da kaza. Ku auna mai da cokali, kada ku tuttula daga galan, domin babban cokali ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, kalori 120 ne. Ku rage gishiri da dunƙule, ku ƙara albasa, tafarnuwa, citta, attaruhu da daddawa, za ku ga baki ya saba cikin 'yan makonni. Ku raba a ƙananan robobi masu murfi waɗanda aka yi don firiza da ɗumamawa, kowace roba zama ɗaya: rabi ganye, rubu'i nama ko kifi ko wake, rubu'i shinkafa ko tuwo ko doya. Kada ku bar abincin ya wuce awa biyu a waje bayan saukewa, musamman shinkafa, ku rubuta kwanan wata a jiki, ku cinye cikin wata biyu zuwa uku, kuma kada a ɗumama roba ɗaya sau biyu. Da haka kun samu awon da kwali ke sayar muku, kun san abin da ke ciki, kun tabbatar da halaccinsa, kun ci abin da bakinku ke marmari, kuɗinku kuma ya tsira. Samari, da ku nake har da ku. Namijin da ya iya dafa wake bai rage komai daga mutuncinsa ba, lafiyarsa ya saya.

Akwai waɗanda bai kamata su shiga rage abinci da kansu ba sai da shawarar likita: mai juna biyu, mai shayarwa, yaro ko yarinyar da ba su gama girma ba, mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, mai hawan jini da mai ciwon ƙoda. Wadda kuma ta ga tsoron abinci ya fara mallakar zuciyarta, tana ɓoye yunwa tana ƙirga kowace loma, ta faɗa wa wani babba da ta yarda da shi, su je asibiti, domin wannan ciwo ne da ake magani. Ga sauranku, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne tafiyar da likitoci ke yarda da ita. Sannu ba ta hana zuwa. Ku haɗa da tafiyar ƙafa da isasshen barci, domin wanda bai yi barci ba yunwarsa ta fi ta kowa.

Hukuncina shi ne wannan: abincin firiza mai ƙarancin kalori ya fi soye-soyen kan hanya, ya fi kwana da yunwa, amma bai kai girkin da ka auna da hannunka ba. Ku ajiye biyu ko uku don ranar da aiki ya sha kanku, ku zaɓe su da karatu, ku cika su da ganye da furotin, kada ku mayar da su abincin safe da rana da dare. Jikin nan amana ce a hannunku, kuma abin da kuke zuba masa a shekarunku na ashirin da talatin shi za ku tarar a hamsin da sittin. Allah Ya ba ku lafiya mai amfani, Ya sa albarka a abin da kuke ci.